Matan da Suka Mai da Salsala Tikitin Shiga

A watan Afrilun 1890, ƙungiyar mazan da kakanninsu suka yi yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka ta yi taro a Louisville, ta yanke cewa ba ta karɓar mata. Shekara ba ta fita ba matan suka kafa tasu a Washington, ranar 11 ga Oktoba: Daughters of the American Revolution, ko DAR a taƙaice. Shugabarta ta farko ita ce Caroline Harrison, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Yau DAR ta yi wa ta mazan fintinkau, da mambobi wajen 190,000 a rassa kusan 3,000.

Sharaɗin shiga shi ne mace ta kai shekara 18, ta kuma tabbatar cewa ta fito daga tsatson wanda ya taimaki yaƙin 1775 zuwa 1783. Ba lallai kakan ya riƙe bindiga ba, ko abinci ya ba sojoji ya wadatar. Sai dai a nan "an ce da an ce" ba ya aiki. Daga ita har zuwa kakan nan, kowace haihuwa sai an kawo shaida a rubuce: takardar haihuwa, ta aure, wasiyya, rajistar coci.

Ainihin rayuwar ƙungiyar a reshe take. Matan gari ɗaya ne ke haɗuwa su share kaburburan tsofaffin sojoji, su kafa alluna a wuraren tarihi, su shirya wa 'yan makaranta gasar rubutu, su je kotu su yi wa sababbin 'yan ƙasa barka ranar rantsuwa. Aiki ne na gaske, kuma sun ceci takardu masu yawa da da sun salwanta.

Amma takarda ba kowa aka rubuta wa ba. Ƙidayar Amurka ba ta saka sunayen bayi ba, sai a 1870, bayan 'yantarwa, aka fara rubuta su da sunansu. Dubban baƙar fata sun yi yaƙin nan, jikokinsu kuwa da wuya su haɗa silsilar da ake nema. A da, wadda ta haɗa ɗin ma tana iya tarar da ƙofa a rufe, domin reshe na da ikon cewa a'a. Haka aka yi wa Lena Ferguson, baƙar fata, a 1980: salsalarta ta inganta, wani reshen Washington ya ƙi ta. Sai da majalisar birnin ta yi barazanar janye wa ƙungiyar rangwamen haraji a 1984 sannan aka haramta wa rassa nuna bambancin launi.

Mutane sun fi tuna 1939, lokacin da DAR ta hana mawaƙiya baƙar fata Marian Anderson zaurenta na Constitution Hall, uwargidan shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ta fice daga ƙungiyar, mutum 75,000 suka saurari waƙar a fili. Amma rikicin Ferguson ya fi taɓa jijiyar al'amarin, don shi ya tilasta wa masu binciken salsalar DAR komawa cikin kundaye. A 2008 suka fitar da littafi mai sunayen baƙar fata da 'yan asalin ƙasar fiye da 6,000 da suka taimaki yaƙin. A 2019 kuma Wilhelmena Rhodes Kelly, baƙar fata, ta karɓi shugabancin rassan jihar New York.