Masu Idon Gona a Ƙasar Dawakin Tofa

Idan ka bar Kano ta hanyar Katsina, ka wuce Kasuwar Dawanau inda tireloli ke layi ana loda musu masara da wake da riɗi, za ka fara ganin turakun siminti an kakkafa a tsakiyar gonaki, an yanka su fuloti-fuloti. Mai ƙaramin ƙarfi da ya yi shekaru yana adashi, yana burin ya samu inda zai kafa gida, ya yi noma a bayan ɗaki, ya ɗaure 'yan awakinsa, da ya tambayi farashi a nan gwiwarsa za ta yi sanyi. Amma a ƙasar nan ta Dawakin Tofa akwai mutanen da suka iya neman gona da kuɗi kaɗan, kuma na daɗe ina jinjina musu, don abin da suka iya ilimi ne sosai.

Sai an san matsin da ake ciki za a gane girman gwanintar. A ƙidayar 2006 an samu mutum 247,875 a ƙaramar hukumar, faɗinta kuwa murabba'in kilomita 479 ne. In ka raba, kowane mutum bai kai kashi ɗaya cikin biyar na hekta ba, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke. Tun shekarun 1960 wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi rubutu a kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana riƙe ta da takin da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Babu dajin da za ka je ka sare ka ce naka ne. Kowane taku na ƙasa yana da mai shi, wani ma masu shi goma.

Gwanin neman gona ba ya tsayawa bakin kwalta. Ya san duk inda mota ke kaiwa cikin sauƙi, da masu kuɗin birni zai yi takara, su kuwa ba noma ya kawo su ba, ajiyar kuɗi suka zo yi. Sai ya hau babur ya nausa ciki, wajen su Jalli da Marke. Kuma ba ya isa gari ya ce ya zo sayen gona. Zai yi sallah a masallacinsu, ya zauna a majalisa, ya gaida mai unguwa, ya dawo ranar suna ko ta'aziyya. Gonar kirki mai sauƙin kuɗi ba ta cika kaiwa hannun dillali ba. A majalisa ake jin cewa magada za su raba gado, ko wani zai koma birni yana neman wanda zai riƙe masa.

Na taɓa bin wani dattijo da ya raka ɗan ƙaninsa duba gona a watan Agusta, ruwa na tsaka da zuba. Saurayin ya ga wata mai dawa kore shar, ya ce, "Baba, ai wannan ce." Dattijon bai tanka ba. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya zagaya ta gefen da ruwa ke gangarawa, ya nuna masa wata 'yar kwarya da ta fara cin kunya. "Yaro, nan da damina uku wannan zaizayar ta raba gonar biyu. Koren da kake gani kuwa takin zamani ne na bana, ba ƙarfin ƙasa ba." Ya ja shi zuwa wata ta gaba, wadda geronta ya ƙanƙance, wuta-wuta ta yi fure ja-ja a gindinsa. Saurayin ya ɓata fuska. Dattijon ya ɗaga kai ya nuna gawo biyu manya da ɗorawa ɗaya, ya ce wannan gajiya ta yi, ba mutuwa ba.

A nan hikimar take. Gonar da ta gaji tana da arha, kuma tana gyaruwa: a zuba mata takin gida, a shuka wake da gyaɗa a tsakanin hatsi, a bar dabbobi su kwana a kanta da rani. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Ɗorawa tana ba da kalwa, kuka ta ba da miya, duka kuɗi ne kafin a kai ga girbi. Wadda ba ta gyaruwa da ƙaramin ƙarfi ita ce fako mai tauri da kwazazzabo. Shi ya sa masu ido ke duba gona sau biyu: da damina don ganin inda ruwa ke kwanciya, da rani don leƙa rijiyoyin maƙwabta a ga gaba nawa aka haƙa kafin a tarar da ruwa. Wanda zai zauna da iyali a wurin, zurfin rijiya ya fi masa komai muhimmanci.

Ba lalle ne a fara da saye ba. Akwai aro, akwai haya ta shekara, akwai jingina, inda za ka ba da kuɗi ka riƙe gona har mai ita ya fanshe. Malamai suna da magana a kan cin amfanin gonar jingina, don haka mai tsoron Allah yakan tambaya kafin ya shiga. Wanda ya yi haya damina biyu ya san halin ƙasar, mutanen gari sun san halinsa, ranar da za a sayar kuwa shi za a fara yi wa tayi.

Amma inda gwani ya fi yin taka-tsantsan shi ne asalin gonar. Arhar da ta yi yawa takan ɓoye rigima. Zai tambaya: ta gado ce? An raba? Mata sun karɓi rabonsu, ko wani yaya ne ya yi gaban kansa? A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga masu tarayya ya sayar da kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufa'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu. Zai tambayi itatuwan ma, don a ƙasar Hausa ana sayar da gona ɗorawar cikinta ta wani ce daban. Zai tabbatar ba a ci burtali ko makabarta ba. Sai a taka iyaka da ƙafa, maƙwabta huɗu na tsaye, ana bin jerin gamba ko lalle ko bini-da-zugu da aka dasa tun kakanni. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su buga hatimi, a biya la'ada a fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, na birni kuma suna hannun gwamna. Da yawa suna raina wannan takarda, har ranar da aka zo fitar da hanya ana lissafin diyya.

Abin da ya fi burge ni ga irin wannan dattijo shi ne ba ya murɗe wanda larura ta sa shi sayarwa. Ya ce wa ɗan ƙanin nasa, da mutanen nan za ka zauna, su za su ɗauki gawarka. Ya kuma hana shi zuba duk ajiyarsa a ciniki, ya sa ya rage na rijiya, da ɗaki ɗaya na ƙasa, da tunkiya biyu.

Kai da ke zaune a gidan haya a Kurna ko Rijiyar Lemo kana wannan buri, kada ka fara da dillali. Nemi dattijon da ya san ƙasar, ka saya masa goro, ka bi shi a baya damina guda.