Mawaƙi Ba 'Yan Amshi: Nazari a Kan Faifan Curtis Mayfield na 1970

Duk wanda ya saba da waƙar baka ya san cewa amshi ba ado ba ne kawai. Shi ne ke ba mawaƙi damar numfasawa, kuma shi ne ke nuna wa mai sauraro cewa maganar da aka faɗa ta sami masu gaskata ta tun kafin ta iso kunnensa. Da wannan ma'auni muke son duba faifan farko da Curtis Mayfield ya fitar shi kaɗai a watan Satumba na 1970, bayan ya bar ƙungiyar The Impressions, faifan da ya raɗa wa sunansa, wato Curtis.

An haifi Mayfield a birnin Shikago na Amurka a 1942, ya kuma koyi waƙa a coci, kamar yawancin mawaƙan salon da baƙaƙen fatar ƙasar ke kira soul. A shekarun da The Impressions ta yi tashe su uku ne, shi da Fred Cash da Sam Gooden. Shi ke tsara waƙoƙin, amma muryoyi uku ke ɗaukar su, wannan ya ɗora wancan ya karɓe. Waƙoƙi irin su "Keep On Pushing" ta 1964 da "People Get Ready" ta 1965 sun zama guzurin masu fafutukar neman 'yancin baƙar fata. Jigonsu bushara ce da ba da haƙuri, wato a daure, sauƙi na nan tafe. Irin wannan magana kuwa tana son jama'a a bayanta, domin bushara daga bakin mutum ɗaya ba ta wuce fata.

To, a watan Afrilu na 1968 aka kashe Martin Luther King, unguwannin baƙar fata a birane da dama, har da Shikago, suka kama da wuta, ga kuma yaƙin Biyetnam yana cin samari. Mawaƙin da ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa a 1970 ba shi da sauran busharar da zai rarraba cikin sauƙi. A ganinmu wannan ne ya sa rabuwarsa da ƙungiya ta wuce batun kasuwa ko neman suna.

Waƙar farko ta isa shaida. Tana buɗewa da jita mai kaurin amo, tana gurnani kamar hadari, wata mace na zancen Littafin Wahayi na Baibul, sai mawaƙin ya shiga kiran jama'a rukuni-rukuni, baƙi da farare, wasu ma da sunayen cin mutuncin da ake jifan su da su a titi. Bai ware kowa ba. 'Yan sanda sun sami rabonsu, 'yan siyasa sun samu, har shugaban ƙasa na lokacin, Nixon, an ambace shi da suna. Gundarin jigon shi ne, in akwai wuta a lahira to babu wanda zai tsira daga cikinsu. Wannan gargaɗi ne irin na mai wa'azin da ya gaji da lallashi, kuma da wuya a ce muryoyi uku masu daɗin jituwa su rera shi ba tare da sun sanyaya shi ba. Inda a da 'yan amshi za su karɓa, yanzu gangunan konga na Henry Gibson ne ke karɓa, su kuwa ganguna ba sa lallashin kowa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne muryar kanta. Mayfield siririyar murya gare shi, can sama take, kusan ta mata. Bai sauya ta ba don ya dace da zafin maganar. Sai aka sami kaushin zance cikin taushin murya, wanda ya fi tsawa ratsa jiki, kamar dattijon da ke yi maka faɗa ƙasa-ƙasa a zaure.

Waƙar da muke ɗauka ita ce ƙashin bayan faifan ita ce ta huɗu, "We the People Who Are Darker Than Blue". A nan ya juyo da fuskarsa ga mutanensa. Ya taɓo abin da ba a cika son faɗa a gaban baƙo ba: wariyar da ke tsakanin baƙar fata su kansu, mai haske na raina mai duhu, da kashe-kashen juna a unguwa. Zubin waƙar ma ya bi ma'anarta. Ta fara a sanyaye, a tsakiya ta ɓarke da kiɗa mai sauri, sannan ta koma sanyinta na farko, sai ka ce mutum ne ya fusata ya kuma tuna da 'yan'uwansa yake magana. Kalmar "mu" tana nan a bakinsa kamar da, amma yanzu shi kaɗai ke furta ta, ba wanda ya amsa masa, saboda haka ta koma roƙo.

Ba za mu ce faifan ba shi da rauni ba. "Move On Up", wadda ta fi kowace shahara har ta kai mataki na 12 a jerin waƙoƙin Ingila a 1971, ta kusa minti 9, kuma rabinta na biyu kiɗa ne zalla. Mai rawa ba zai koka ba, amma mai bin ma'ana zai ga maganar ta ƙare tun da wuri. Ta fuskar jigo ma tsohuwar busharar ce aka yi wa sabuwar riga ta kayan busa. "Miss Black America" kuwa, duk da kyakkyawar niyyarta ta yaba kyawun baƙar mace, ta fi kama da kirarin biki. Akwai kuma wuraren da masu goge suka cika gurbin da ya kamata a bar shi fayau.

Duk da haka faifan ya hau mataki na ɗaya a jerin faya-fayan baƙar fata na mujallar Billboard, kuma ya riga What's Going On na Marvin Gaye fitowa da kimanin wata 8, abin da masu ba da tarihin wannan kiɗa kan yi saurin tsallakewa. Wani abin lura shi ne a kamfaninsa na kansa, Curtom, wanda ya kafa tare da Eddie Thomas a 1968, ya fitar da shi, don haka ba wani mai gida da zai ce masa sassauta.

Waƙa ta takwas, wadda ta rufe faifan, ta rabuwar masoya ce, an yi ta ba zagi ba gori. Muna jin ƙamshin wata rabuwar a cikinta, ko da mawaƙin bai nufi haka ba. Ai da ya tafi bai yi baran-baran da Cash da Gooden ba: Leroy Hutson ya maye gurbinsa, ƙungiyar ta ci gaba da zama a Curtom, shi kuma ya ci gaba da tsara musu waƙoƙin da za su rera su uku.