Kunya da Kyamara: Sharhi a kan Fina-finai Biyu na Tarihin Iyali da Darasinsu ga Ƙasar Gaya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tsokaci a kan wani nau'in fim da manazartanmu ba su cika kulawa da shi ba, wato fim na zahiri. Abin nufi da fim na zahiri shi ne wanda ba a ɗora shi a kan ƙagaggen labari ba, ba a kuma sa 'yan wasa su kwaikwayi kowa ba, sai dai a ɗauki mutane a cikin halinsu da maganarsu ta gaskiya. Za a taƙaita bayani a kan reshe ɗaya na wannan nau'i, wanda mai shirya fim yakan juya kyamara ya fuskanci gidansu da abin da ya gada daga iyaye. Za a duba fina-finai biyu daga Jamhuriyar Nijar, daga nan a gwada darasinsu a kan ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano.

Matsalar da takardar ta sa a gaba guda ɗaya ce. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da rufin asiri, shi kuwa fim na zahiri aikinsa bayyanawa. To, yaya ɗa zai ɗauki labarin gidansu ya nuna wa duniya ba tare da ya zama mai tona asiri ba?

2.0 Waiwaye

Hausawa sun daɗe da sanin hoto mai motsi. Tun zamanin Turawa ake zagayawa da majigi gari-gari ana nuna fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim, kuma jigonsa bai wuce rabuwar ɗa da uwa da tunawa da asali ba, sai dai 'yan wasa ne suka taka shi. Daga 1990, da fitowar Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ta bunƙasa ƙwarai, amma akasarin ƙarfinta ya tafi ga ƙagaggen labari. Saboda haka mai neman fim na zahiri wanda Bahaushe ya yi a kan gidansu, mafi kusa shi ne ya tsallaka iyaka zuwa Nijar.

3.0 Kukan Kurciya

Sani Elhadj Magori mutumin Galmi ne, garin da ya yi suna da noman albasa. A 2010 ya fito da fim ɗinsa Kukan Kurciya. Mahaifinsa ya tafi neman arziki Abijan, ya yi shekaru da yawa bai komo ba. Maimakon ɗan ya tafi shi kaɗai ya tsare uban da tambaya, sai ya nemi wata tsohuwar zabiya, Hussai, wadda a shekarun 1970 waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su nufi garuruwan bakin teku. Ya roƙe ta ta bi shi har Abijan, domin muryar da ta kori maza daga gida ita ce za ta kira su su dawo.

A ganina, ƙarfin wannan fim duka yana cikin wannan dabara. A al'adarmu ɗa ba ya duban idon mahaifinsa ya ce masa ya yi kuskure. In magana ta yi nauyi, akan nemi wanda zai shiga tsakani, kamar yadda ake tura dattijo biko. Mawaƙi kuwa yana da izinin da sauran jama'a ba su da shi, yakan faɗi abin da in wani ya faɗa sai a ce rashin kunya ne. Ashe ke nan Magori bai aro tsarin fim ɗinsa daga waje ba, daga cikin al'ada ya ɗauko shi. Bugu da ƙari, ita kanta zabiyar ba 'yar rakiya ba ce kurum, tana da hannu a cikin abin da ya faru. Don haka tafiyar ta zama biyan bashi ta fuska biyu: ɗa yana neman ubansa, mawaƙiya kuma tana bin sawun abin da bakinta ya jawo.

4.0 Bishiya Marar 'Ya'ya

Aicha Macky 'yar Damagaram ce. Fim ɗinta na 2016, wanda za mu iya fassara sunansa da Bishiya Marar 'Ya'ya, ya taɓo abin da ya fi na Magori wuyar faɗa, wato rashin haihuwa. Ita da kanta matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, a cikin al'ummar da akan ɗora wa mace laifin, har a kira ta juya. Ta zauna da mata masu irin wannan lalura, suka buɗe mata cikinsu.

Abin lura a nan shi ne wadda ta zaɓa ta yi wa magana. Muryarta a fim ɗin ba da mijinta take zance ba, ba kuma da danginsa ba. Da mahaifiyarta take yi, wadda ta rasu wajen haihuwa. Mamaci ba ya jin kunya, ba a kuma jin kunyar kai masa kuka. Ta wannan hanya sai ta faɗi duk abin da ke ranta ba tare da ta nuna wani rayayye da yatsa ba. Gadon da ke cikin wannan fim ba gona ba ne, ba sarauta ba. Uwa ta rasa ranta wajen haihuwa, 'ya kuma ta rasa haihuwar, fim ɗin kuwa shi ya haɗa su zance.

Akwai abin da ya kamata a soka game da fina-finan biyu. Sun fi samun 'yan kallo a bukukuwan fina-finai na ƙasashen waje a kan dandalin ƙauyukan Hausa, har da yawa daga masu nazari a wannan ɓangare na iyaka ba su taɓa ganinsu ba. Labarin gida in bai komo gida ba, aikinsa bai cika ba.

5.0 Darasi ga Gaya da Ajingi

Gaya tana da matsayi babba a tarihin baka na ƙasar Hausa. Labarin Bayajida ya nuna a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Akwai kuma ruwayar Abagayawa, wadda ke cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka kusa da Dala. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, shi ma ya ambaci sarakunan Gaya, kamar Agalfati a zamanin Sarkin Kano Yakubu.

Mai shirya fim da ya zo wannan ƙasa, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya nufi fada, ya ɗauki dawaki da algaita, ya sa wani dattijo ya zayyano jerin sarakuna. Wannan yana da amfaninsa, amma yana da haɗari. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 aka soke wannan doka, a watan Yuli na shekarar kuma aka kafa masarautar Gaya mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Duk lokacin da ake ja-in-ja a kan sarauta, tarihi yakan zama hujjar shari'a, kowa ya faɗi ɓangaren da zai ƙarfafa shi. Fim ɗin da ya tsaya a bakin fada kaɗai zai ɗauko hujja ne, ba tunani ba.

Abin mamaki shi ne, ruwayoyin da suka ɗaukaka sunan Gaya labarin masu sana'a ne, wato maƙera. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To, yau da kayan masana'anta suka cika kasuwa, wane ne ya gaji uwar maƙera da masaba da zugazugi, wane ne kuma ya ajiye su ya kama wata sana'a, me uban ya ji a ransa? Haka kuma a ƙauyuka irin su Kademi da Toranke, cin rani tsohuwar al'ada ce, samari kan tafi birnin Kano ko Ikko bayan kaka. Labarin wanda ya tafi bai dawo ba, da na matar da aka bari da 'ya'ya, ba a Galmi kaɗai yake ba.

Irin waɗannan tambayoyi ba a yi wa magidanci su gaba da gaba. A nan ne darasin Magori da Aicha yake. Wajibi ne mai shirya fim ya fara tambayar kansa: wa al'ada ta ba izinin faɗar wannan magana? Amsar tana kusa. Akwai wasan jika da kaka, inda yaro zai tambayi tsohuwa abin da 'ya'yanta ba za su iya ba. Akwai taubasai. Akwai makaɗan dundufa, waɗanda suka haddace kirarin gidajen maƙera. Akwai kuma zaman maƙera kansa, inda hannu ke aiki baki na hira, mutum ya faɗi abin da ba zai faɗa ba in an zaunar da shi a kujera an kafa masa kyamara.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan takarda a nuna cewa kunya ba shinge ba ce ga fim na zahiri. Al'adar da ta hana ɗa magana ita ce kuma ta tanadi bakin da zai yi magana a madadinsa, kuma gwanintar mai shirya fim ita ce ya gano wannan baki. Ina ba da shawara ga sassan koyar da Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu su riƙa nuna wa ɗalibai waɗannan fina-finai biyu, su kuma ƙarfafa wa 'yan asalin Gaya da Ajingi gwiwa su ɗauki labarin gidajensu, bisa sharaɗin a nemi yardar masu labarin, a kuma fara nuna musu kafin kowa. Yau kusan kowane ɗalibi yana da kyamara a wayarsa. Tsofaffin da suka riƙe labarin ne ba za su jira mu ba.