Rinin Ɗauri da Labulen Amarya

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu haɗa wa amare jere a Agege: wai rinin ɗauri kayan Turawa 'yan yawon buɗe ido ne, ko kuma adiren Yarbawa, Bahaushiya ba za ta rataya shi a ƙofar ɗakinta ba. Sai su zaro maka labulen roba na ƙasar Sin, mai ƙyalli, wanda damina biyu ta Legas ke kashe wa launi.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. Marinan Ƙofar Mata ta Kano suna lissafa karofinsu daga 1498. Da Baturen matafiyi Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar rinanniyar tufarta na kaiwa har Tambutu. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro suka cika Agege, ga kasuwar Itoku ta Abeokuta, cibiyar adire, a kan hanyarsu. Baba ɗaya al'ummun biyu suke tsoma zane a ciki, kowa da hannunsa.

A rinin ɗauri akwai ɗinki, akwai ƙulli; ni ɗinki ya fi burge ni a kan ƙulli. Mace ce ke yinsa a cikin gida. Za ta ninke farin yadi, ta bi shi da allura, ta ja zaren har yadin ya tattare tamau. Marini ya tsoma a ruwan baba da toka, ya ɗaga, iska ta buga, kore ya juye shuɗi, ya sake tsomawa. Inda zare ya matse, ruwa ba ya shiga. Amma ba ya hanuwa gaba ɗaya: yakan ɗan kutsa ta gefen ɗinkin, ya bar wani shuɗi-shuɗi tsakanin fari da baƙi. Gwanintar tana nan. In ta ja zaren da sassauci, zanen ya cakuɗe. In ta matse fiye da kima, ya fito a bushe, ba rai. Inji yana buga kwaikwayonsa a atamfa, sai dai juya bayan yadin ka gani.

Mutanen Japan sun gane darajar rinin ɗauri tuntuni. Garin Arimatsu, da aka kafa a 1608, har yau da ɗauri aka san shi, a Kyoto kuwa a siliki suke ƙulla ɗigo-ɗigo. Da sa kimono ya ragu, sai suka ƙara karkata ga labulen ƙofa da rigar matashi. Mu silikinmu na tsamiya ya yi tsada, kuma auduga ta fi shan baba, don haka ba mu rasa komai ba.

Masu cewa rinin yana zuba, gaskiya ne, wankin farko da na biyu. Shi ya sa nake ganin muhallinsa ɗaki ne: labule ba ya gogar jiki, ba ya shan gumi, kuma sai an rataya yadin a miƙe, haske na ratsa shi daga baya, ɗinkin ke fitowa duka. Uwar amaryar da ke aikawa Kano a sayo mata turaren wuta tana iya haɗawa da labule biyu a mota ɗaya.