Sinadarin da ke “jin” matsin ruwa: ko zai yi aiki a rijiyar Zakka?

In ka taɓa haska kunama da dare da irin fitilar da ake gwada jabun kuɗi, ka ga yadda take ƙyalli shuɗi-kore kamar an shafa mata fenti. Fatarta ce ke shan hasken da ido ba ya gani, ta mayar da shi wanda ake gani. Akwai ƙwayoyin sinadarai da yawa masu wannan hali, kuma wasunsu launin ƙyallinsu yana sauyawa in ruwa ya matse su ta kowace fuska. Daga nan labari ke tashi a intanet: wai an samo sinadarin auna matsin ruwa. To, a nan muke da ja.

Bari mu fara ba aikin haƙƙinsa, don yana da kyau. Ɗauki sinadarin fairin, wanda ake samu a kwaltar gawayin ƙasa. In ƙwayarsa tana ita kaɗai, haskenta yana wajen nanomita 375 zuwa 400. In biyu suka jingina da juna bayan ɗaya ta sha haske, sai wani sabon haske ya fito wajen nanomita 480, mai karkata zuwa kore. Förster da Kasper suka bayyana haka a Jamus tun 1954. Dabarar yanzu ita ce a ɗaure irin waɗannan ƙwayoyi biyu da wata ’yar igiyar sinadari, ta yadda matsi zai sauya yadda suke kusantar juna. Sai ka kwatanta ƙarfin launin farko da na biyu, ka san matsin. Ba waya, ba allura, haske kawai. Rukunin Gaku Fukuhara a Japan sun daɗe suna irin wannan bincike.

Yanzu zo mu je Zakka, a ƙaramar hukumar Safana. Ƙasar wannan yanki, har zuwa Batsari, dutse ne a ƙarƙashi, ruwa kuma sai a tsaguwar dutsen ko inda ya rududduge. Sanin ko ruwan ƙasa ya ja baya ba ƙaramin abu ba ne ga mai haƙa rijiyar burtsatse, da mai zuba kuɗinsa a ciki.

Lissafin ba wuya. Kowane mita 10 na zurfin ruwa yana ƙara matsi kusan megafaskal 0.1. Ko da ruwa ya tsaya mita 50 cif a cikin burtsatse, matsin gindinsa bai wuce 0.5 ba. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, duk girmanta, gindinta bai kai ko wannan ba. Su kuwa gwaje-gwajen nan ana yin su ne daga gomomi zuwa ɗaruruwan megafaskal. Ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, kusan kilomita 11 ke nan, matsinsa wajen 110 ne. Megafaskal 300 kuwa sai ka tara ruwa mai tsayin kilomita 30 a kanka. Ka ga kenan, in ruwan rijiya ya sauka mita 2 da rani, sauyin 0.02 ne kacal, sinadarin ko gezau ba zai yi ba. Matar da ta ƙara wa gugarta igiya ta riga shi sani.

Abin da ya fi damunmu ma ba wannan ba ne. Ƙwayoyin ba matsi kaɗai suke ji ba. Zafi yana sauya yadda suke haɗuwa, iskar oksijin da ta narke a ruwa tana dusashe hasken, kaurin ruwan ma yana ƙaruwa da matsi har ya hana su motsi. Saboda haka in launi ya sauya, wa za ka kama? A ɗakin gwaji ana tsayar da zafi wuri guda, a narka sinadarin galibi cikin ruwan sinadari irin su tolwin, ba ruwan sha ba. A wurin da sanyin hunturu da zafin Afrilu ke da tazarar digiri 20 ko fiye, wannan sharaɗin ya rushe. Masu binciken sukan faɗi hakan a cikin takardunsu. Masu taƙaita labarin ne ke yar da shi a hanya. Ga shi kuma fairin ɗan gidan sinadaran hayaƙi ne, ba abin da za ka so a randarka ba.

Inda muke ganin amfaninsa shi ne inda matsin ya kai: nazarin halittun ƙasan teku, ko masana’antar da ke kashe ƙwayoyin cuta a abinci da matsin megafaskal 400 zuwa 600 maimakon dafawa. Akwai ma misali a tarihi. Tun 1972 masana a Amurka ke auna matsi mai tsanani da jan ƙyallin dutsen yaƙutu, kuma har yau ana amfani da shi, domin an zauna an tantance nawa ne aikin matsi, nawa ne na zafi.

In kai ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma kana sha’awar fannin, famfon matsi da ɗan akwatin ƙarfe mai tagar lu’ulu’u suna da tsada ƙwarai. Amma auna yadda zafi da oksijin ke rikita hasken fairin na’urar auna ƙyalli kawai yake buƙata, da tukunyar ruwan ɗumi mai ma’aunin zafi.