Nazari a Kan Al'adar Tashi Zuwa Hajji da Ƙafa Daga Ƙasar Haɗejiya

Ko da yake maniyyacin wannan zamani yakan bar gidansa da hantsi ya yi sallar isha'i a Jidda, bai kamata saurin jirgin sama ya mantar da mu cewa kakanninmu sun shafe ƙarnoni suna nufar Ɗakin Allah da ƙafafunsu ba, suna ƙetare koguna da sahara da duwatsu, wasu su dawo bayan shekaru, wasu kuma ƙasar hanya ta rufe su. Abin da ya fi cancantar nazari a wannan al'ada shi ne mafarinta, wato yadda mutum ke yanke shawara ya rabu da gida, domin a nan ne hikimarta ta taru.

Asalin al'amarin yana cikin fiƙihun da malamanmu suke karantarwa a zaure. Hajji farilla ne a kan wanda ya sami iko, amma malamai sun saɓa a kan ma'anar ikon. Wasu mazhabobi sun sharɗanta guzuri da abin hawa, alhali mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasarmu, ta tafi a kan cewa duk mai lafiyar da zai iya takawa, matuƙar akwai aminci a kan ransa da dukiyarsa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ba tare da matsananciyar wahala ba, to, ya shiga cikin masu iko. Wannan hukunci, wanda ɗalibi ke tararwa a Muhtasar na Shaihu Halil, shi ya buɗe wa talaka ƙofar da a wasu ƙasashe sai mawadaci ke shiga. Saboda haka wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, alaramma ya rataya gafakarsa, kowa ya mai da sana'arsa guzurinsa.

Haɗejiya kuwa, da yake tana tsakanin Kano da Barno, a bakin hanyar gabas take. Koginta yana gangarawa ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke wucewa ta Gashuwa da Gaidam har ya zuba a Tafkin Chadi, don haka ruwa ya riga ya shata wa matafiyi alƙiblarsa. Sai dai kogin nan da kansa yake ƙayyade lokacin tashi, domin a ƙarshen damina fadamun Guri da Kirikasamma sukan cika su batse, hanya ta yanke, ba mai wucewa sai da kwalekwale. Mai hankali yakan dakata har kaka ta yi, a girbe gero da shinkafa, ruwa ya janye, sannan ya sayar da abin da zai sayar, ya bar wa iyali abin da zai bari, ya bi ayari cikin sanyin hunturu.

Shirin tashin ya fi kama da shirin mutuwa, kuma da gangan aka yi shi haka. Maniyyaci yakan biya bashi, ya mayar da ajiya, ya yi wasiyya a gaban shaidu, ya kuma daidaita al'amarin aurensa, ko ya tafi da iyalinsa, ko ya ba matar zaɓi tsakanin jira da sauwaƙewa, tun da ba wanda ya san ranar komowa. Daga nan sai ya bi gidajen dangi da maƙwabta, har da waɗanda suka daɗe ba sa ga-maciji, ya durƙusa ya ce, “Baba, na yi niyyar gabas, a yafe mini,” a amsa masa da cewa, “Mun yafe duniya da lahira, ka isar mana da gaisuwa wurin Ma'aiki.” A cikin kayansa akwai buta da buzu da salkar ruwa, da garin gero da ƙuli-ƙuli da busasshen kifin kogi, a can ƙasan jaka kuma ga likkafani a naɗe. Ranar tafiya jama'a kan yi masa rakiya har bayan ganuwa, liman ya yi addu'a, a shafa, shi kuma ya sa gaba.

Bayan Barno sai jarrabawar da mutumin fadama bai taɓa sani ba, wato dutse. Wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ido ke kaiwa iyakar ganinsa ba abin da ya tare shi sai giginya da goruba, shi ne zai hau tuddan Wadai zuwa Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya ratsa gefen Jabal Marra, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 3,000, inda sanyin dare ke ratsa ƙashi, tsakuwa kuma ta cinye takalmin fata. Daga Fashir sai rairayin Kurdufan zuwa Ubayyid, sai Kogin Nilu, sannan busassun duwatsun Bahar Maliya, waɗanda sai an gangaro daga cikinsu ake isa Sawakin a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tsohuwar hanyar arewa ma, wadda ke bi ta Agadas da Fezzan zuwa Masar, ba ta kuɓuta daga duwatsun Azbin ba.

Tarihi ya ƙara wa hanyar nauyi lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas tare da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya ci gaba har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Haɗejiya ita ma ta yi nata tsayin daka a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. A irin wannan zamani hajji da hijira sun cakuɗe a zukatan mutane da yawa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama zangon da maniyyata ke ƙwadago su tara kuɗin jirgi, kuma da yawansu zangon ya zame musu mazauni, jikokinsu suna can suna Hausa har yau.

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi aibin al'adar. An bar mata cikin jiran da ba shi da iyaka, yara sun tashi ba su san ubanninsu ba, 'yan fashi da masu cinikin bayi sun cuci raunana, wasu kuma sun fita ba sana'a ba guzuri suka koma bara, abin da malamai da dama suka ƙyamata. Don haka zuwan jirgin ƙasa Malam Madori da Nguru wajen 1930, da manyan motocin da suka riƙa jigilar alhazai zuwa Sudan, da jirgin saman da ya karɓe su daga shekarun 1950, duk rahama ce da ya wajaba a gode wa Allah a kanta.

Amma wahalar hanya daban, ladabin tashi daban, kuma sauƙin da ya ɗauke ta farko bai soke na biyu ba. Biyan bashi, da mayar da haƙƙi, da neman gafarar wanda aka zalunta, da tabbatar da halaccin guzuri, suna nan a wuyan mai kujerar jirgi kamar yadda suke a wuyan mai sanda da salka. Ya kai maniyyaci, kafin ka karɓi fasfo da jaka, ka zaga dangi da maƙwabta ka sauke nauyin da ke kanka, domin hajji karɓaɓɓe daga ƙofar gida yake farawa. Allah ya sa mu dace.