Wa zai zana mana hasken Tiga?

Hoton bakin teku ya shiga yayi a wajenmu. Yana falon amare, yana shagon aski, yana fuskar waya. Matasan da ke koyon zane da fenti su ma shi suke kwafowa daga intanet: ruwa kwance, jirgi can nesa, rana na shirin faɗuwa. Da yawanmu a Doguwa ba mu taɓa ganin teku ba, amma ga shi rataye a bango.

Ban ga laifin mai son irin wannan hoto ba, don ni ma ina so. A ganina ba a yi gwanayensa kamar wasu masu zane na Amurka a tsakiyar ƙarni na 19 ba, irin su Fitz Henry Lane da Martin Johnson Heade da John Kensett. Sukan shafa fenti siriri, su daddale shi har sawun buroshi ya ɓace. Ƙasa da ruwa su tsaya can ƙasan allo, sama ta cinye sauran. Hasken kuwa yakan tashi daga ruwan ɗorawa ya narke zuwa shuɗi-shuɗi, ba ka iya ɗora yatsa ka ce ga inda launin ya sauya. Mutum in ma akwai shi, ɗan ɗigo ne. Wannan aiki haƙuri yake so, da ido mai lura.

Abin da masu kwafa ba su lura da shi ba shi ne, mutanen nan ƙofar gidansu suka zana. An haifi Lane a 1804 a Gloucester, garin masunta a jihar Massachusetts. Ƙafafunsa sun shanye tun yana yaro, da sanduna yake tafiya. Ya gina gidan dutse a inda yake hango tashar jiragen garin, ya yi ta zana ta har ya mutu a 1865. Shi kuwa Heade fadamun bakin teku ya riƙe, da tarin ciyawar da manoma ke yi a ciki, ya zana su fiye da sau ɗari bai gaji ba.

To mu me muka rasa? Ga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da kwale-kwalen masunta a kansa da sassafe. Ga duwatsun Riruwai bayan an ɗauke ruwan sama, ga ruwan Zainabi mai zubowa daga kan dutse, ga dajin Falgore a hanyar Jos. Sai kuma hazon hunturu, lokacin da rana ke zama fara fat har ido ya iya kallonta. Wannan haske ba ya cikin zanen Lane, kuma ba wanda zai iya kamo shi sai wanda ya tashi a cikinsa. Ga wani sauƙi kuma: malaman addini da dama ba sa hana zanen abin da ba shi da rai, kamar ruwa da dutse da itace.

Tun 1958 ɗaliban zane na Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka tsaya a kan cewa a koyi dabarar Bature, a yi aikin gida da ita. Malaman zane a makarantunmu, ku kwashi yara ku kai su bakin Tiga da takarda da fenti. Masu saye kuma, in yaro ya kawo muku zanen Riruwai, ku biya shi da daraja.